Manhajar Asibitin Kuchigoro

Da can, in za mu rubuta manhaja, da hannu muke tsara kowace tambaya da za ta je rumbun bayanai. Yanzu tsare-tsaren sun yi yawa, har zaɓin ya zama shi ne aikin. A kan wannan zaɓi wani abu ya faru a Abuja wanda ba zan manta ba.

An kira ni in duba wata ƙaramar manhaja ta rajistar masu juna biyu, da za a sa a wani asibitin sa-kai a Kuchigoro. Mutum biyu ke aikin: mai kamfanin da aka ba kwangilar, da wata matashiya 'yar Filato wadda za a bar wa kula da manhajar ita kaɗai. Duk ranar da manhajar ta tsaya, matan da suka zo awo haka za su koma gida.

Shi yana son tsari mai hawa-hawa: shafi ya miƙa wa wani sashe, sashen ya miƙa wa wani, sai can a isa rumbun. Na ga irinsa a Jamus, kuma can ya dace, don ma'aikata da yawa ke taɓa aiki ɗaya. A Alƙahira na ga akasinsa, tambayoyi warwatse a kowane shafi. Ita kuwa fayil guda ta rubuta, duk mai neman bayani ta nan zai bi.

"Baba, wannan ai aikin 'yan makaranta ne," in ji shi. "Masu tallafa wa asibitin za su raina mu."

Na ce ita ta ƙara gurbin lambar wayar miji a tsarinta da nasa, mu gani. Nata ta gama kafin shayina ya huce. Da ta shiga nasa sai ta rikice, ya tsaya a kanta yana nuna mata, buɗe wannan, koma wancan.

Ta ɗago ta ce, "Oga, ranar awo za ka zo ka tsaya mini haka?"

Ya yi dariya. "Ranar ina Legas. Baba, ka haɗa kai da 'yarka. A sa nata."

Tsarinsa ba shi da aibi, wurin ne bai dace da shi ba. Tun daga ranar, kafin in zaɓi tsari sai na tambayi wa zai zauna da manhajar in ta lalace.