Sarkin da Ya Kori Shamuwa

Kwamitin masallacinmu da ke kusa da unguwar Parkchester, a nan ƙasar waje, ya ba ni zuwa Juma'a in yanke hukunci a kan baƙi tara da ke kwana a ɗakin ƙasa. Sababbin zuwa ne daga Maraɗi da Kumasi, ga sanyi ya kankama. Mataimakina Alhaji Sidi ya ce a sa kwaɗo. "Shugaba, kafet ya gama wari, bayi kullum a toshe. Masallaci muka buɗe ko otal?" Kakata ce ta faɗo mini a rai.

Sunanta Tabawa, Iya muke ce mata. A ƙauyenmu na ƙasar Daura, idan aka sauke tuwo sai ta tura guntun itace cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira maigida, irin tsokanar kaka da jika.

"Maigida, matso. Miji ba cefane, sai buɗe baki. To, ga wata nan tafe."

"Ta iso, Iya."

Ta ce an yi wani sarki mai son tsafta, da ƙatuwar tsamiya a ƙofar fadarsa. Kowace shekara shamuwa kan sauka su yi sheƙa a kanta, manoma kuma ba sa fita shuka sai sun gan su. Ran nan kashin shamuwa ya ɗiga a rawanin sarki a gaban jama'a. Ya sa dogarai suka kakkaɓo sheƙunan da gora, ƙwai ya farfashe a ƙasa.

A nan Iya kan tsaya ta gyara wuta.

Shekara ta kewayo, shamuwa ba su dawo ba. Aka yi ruwan farko, mutane ba su da abin dubawa, suka zuba iri. Ashe ruwan yaudara ne, rana ta ƙone shukar. Amma Iya ta ce ba yunwa ce ta watsa garin ba. Wata tsohuwa ce ta fara ɗaure kayanta, ta ce ta ga abin da aka yi wa tsuntsu, ita kuma tari take yi, ba za ta jira ranar da zai dami sarki ba. Maƙera suka bi ta, sai masaƙa, har sarki ya wayi gari da fada tsaf, ba mai gaishe shi.

Na taɓa ce mata, "Iya, in ni aka ɓata wa rawani fa?"

"Sai ka wanke, maigida. Rijiya ta ƙafe ne?"

Na ɗauka tatsuniyar garinmu ce kawai, sai da fatauci ya kai ni ƙasar Sin. Wani dattijo mai sayar mini da yadi, tsohon malamin makaranta, ya gaya mini cewa marubutansu na dā da tsuntsu suke auna sarki. Ƙasar da ba a tarwatsa sheƙa, ba a kewaye tsuntsu da tarko ta kowane gefe, ita ce ƙasar da talaka ke barci. Na zauna a Kwatano da Jidda, na ji wa'azin adalci da Faransanci da Larabci, amma a shagon yadin nan na ji abin da ya fi kusa da maganar Iya. Su marubutan Sin sun rubuta ne don sarakuna su karanta. Ita kuwa yara ta faɗa wa, waɗanda ba mai zaton za su shugabanci kowa.

Shekaru ina ganin shamuwa ce zuciyar labarin. Sai a makon da kwamiti ya ba ni wa'adi na gane tsohuwa mai tarin nan ce, wadda ke gefe tana kallo. Ranar Juma'a na ce wa kwamiti a cikin sahunmu akwai wanda aiki ya ƙwace masa, akwai wanda takardunsa ba su fito ba, kuma duk za su ga kwaɗon, kowa ya san ranarsa na zuwa. Na ce ƙofa a buɗe take har sanyi ya wuce.

Alhaji Sidi ya ɗauki takalmansa ya fita, mako uku bai gaishe ni ba. Baƙin tara kuwa a ciki suka ga ƙarshen sanyin.