Baƙar Hoda

Matata 'yar ƙauyen Wurma ce, ni kuwa don na yi sakandare a Dutsin-Ma sai nake ganin kaina wani abu. Da za a yi sunan ɗan ƙanwata a Kurfi, matata aka ba aikin kek. Ta jera gwangwanaye, ta zuba yashi a tukunyar gashi, ta ce, "Malam, ka sayo mini baƙar hoda."

Na ce, "Ƙauyanci dai ba ya ɓuya. Kek fari ne, kwalli za ki sa masa?" Na fita, ban tambayi kowa ba, na dawo na ce babu a kasuwa. Ashe farin garin nan ne mai sa kek ya tashi, haka mata ke kiransa.

Kek ya fito kamar tubali. Na shiga gaida mata ke nan, gwaggona ta ƙwanƙwasa ɗaya a faranti ta ce wa matata, "Amarya, wannan na ci ne ko na gini?" Aka kwashe da dariya. Matata ta dube ni, tana jiran in faɗi gaskiya. Ni kuwa, jahilin da ke taƙama da boko, na juya na koma wajen maza.