Wejin Haladu Yatsa Takwas

Duk wanda ya koyi tuƙin babbar mota a hannun Haladu Yatsa Takwas, a tashar Birnin Kudu, zai gaya maka ran farko ba ya nuna maka sitiyari. Wani guntun icen ƙirya yake zarowa daga ƙarƙashin kujerarsa, baƙi ƙirin, ya sha maiƙo, ya ɗora maka a hannu. Weji ke nan, abin da ake tokare taya da shi in mota ta tsaya a kan hawa. Sannan ya ware maka hannunsa na dama ka ƙirga. Ni ma haka ya yi mini, shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, lokacin ina da mata da 'ya ɗaya, noman gyaɗa ya ishe ni.

Haladu mutumin Farin Dutse ne ta ƙasar Gwaram, gidansu gidan shanu. Shekarar da aka karɓi mulkin kai ciwon huhu ya shiga garkensu ya yi musu ƙarƙaf, sai ya rataye sandarsa ya zo tasha, ya zama yaron motar wani direba Sada. Sada ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, amma ba zan yi masa kwalliya ba. Mugu ne, kuma mai raha, wanda ya fi kowane mugu ciwo.

A wancan zamani shekara uku kake yi kana wanke mota, kana cika lagireto, kana juya handil don tayar da inji, kana ɗaure kaya, sannan maigida ya fara ba ka sitiyari a fili, ya kai ka Kano gwaji ka samu lasin. Sada ya riƙe Haladu shekara bakwai bai taɓa barin sa ya zauna a gaba ba. Kullum yana can bisa buhuna. Sai dai mutumin da ya saba gane saniya marar lafiya daga numfashinta, injin mota ba zai ɓoye masa komai ba. Da kunne ya koyi giya, yana sama yana motsa ƙafa shi kaɗai.

A daminar shekara ta bakwai, a hawan rafin da ke kafin Maruta, motar ta mutu ɗauke da dawa. Ƙa'ida ita ce direba ba ya ɗaga ƙafa daga burki sai yaro ya sa weji ya yi kira, "Ya ci!" Wejinsu mai mariƙi ya ɓace, sai wannan guntun icen, kuma babu wanda ya taɓa nuna wa Haladu cewa daga gefe ake tura shi. Ya durƙusa a bayan tayar, yatsunsa a ƙarƙashin icen. Sada yana can yana hira da wata fasinja, bai jira kira ba, ya saki burki.

Da Haladu ya dawo daga asibiti hannu a naɗe, yatsa biyu sun tafi, Sada ya tare shi a tsakiyar tasha, gaban 'yan kamasho da masu tuwo, ya ce, "To, Bafillace, sitiyari dai ya fi ƙarfinka. Sai ka koma tatsa, ko ita ma da yatsa goma ake yi?" Aka kwashe da dariya. Haladu ya ratsa ta tsakiyarsu. Ya hau bayan motar ya ɗauki icen, ya tafi. Wani dattijon direba, Bappa na Wurno, ya ɗauke shi, kafin kaka ta zagayo ya samu lasin.

Da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, motoci suka yawaita, Haladu ya samu sabuwa fil, ya sa aka rubuta YATSA TAKWAS a goshinta da jan fenti don Sada ya riƙa karantawa kullum. Ya kuma shiga yaye yara cikin shekara biyu. Duk wanda Sada ya ɗauka, wata uku ya yi yawa, za ka gan shi a bayan motarmu. Kada ka ce tausayi ne kawai. Da gangan yake yi, ni shaida ne.

Koyarwarsa ba yawa, amma ba ya maimaitawa. Kafin ka tayar da mota ka duba ruwa da baƙin mai da idonka, kada ka yarda da wanda ya ce ya duba. Kada ka saki mota ba giya a gangara. In inji ya sauya murya, tsaya ka ji abin da yake faɗa. In maigida ya shekara uku bai ba ka sitiyari ba, ɗauki tabarmarka. "In kuwa ka zama direba," in ji shi, "akwai hannun mutum a ƙarƙashin ƙafarka. Ka manta da wannan, ni da kaina zan karya ka."

Wata ranar kasuwa da hantsi, an kwana ana ruwa, muka nufi Gwaram. Muna isa hawan nan na Maruta sai ga tsohuwar motar Sada a tsaye a tsakiyarsa. Inji ya mutu, burkin hannu ya daɗe da lalacewa, giya kuma fita take yi. Fasinjoji sun dire suna jefa duwatsu a bayan taya, laka tana haɗiyewa. Ba shi da yaro ko ɗaya. Yana zaune ya danne burki, gumi ya jiƙa masa riga, ƙafarsa tana rawa, ga rafi a baya ya cika.

Wallahi daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Na ɗauko weji zan ruga, Haladu ya ce, "Ba namu ba. Wancan." Ya karɓi baƙin icen, ya taka a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya buɗe ƙofar Sada ya hau. Ya zura ƙafarsa kan burkin, ya ce, "Matsa, Maigida." Kujerar da aka hana shi shekara bakwai, ya zauna a kai daram. Sai ya ajiye wa Sada icen a cinya.

"Sauka ka sa."

"Haladu, ga yaronka nan..."

"Nawa ne. Kai ina naka?"

Sada ya sauka. Dattijo da furfurarsa ya durƙusa cikin laka, mutane sun yi cirko-cirko. Ina tsaye kusa da shi, na ga ya zura hannu bayan tayar, yatsunsa a ƙarƙashin icen, daidai yadda Haladu ya yi. Shekara talatin yana kan kujera, ya manta, ko kuwa bai taɓa sani ba. Ya ɗago kai ya dubi madubi, suka haɗa ido da Haladu. A lokacin na ji burkin ya yi ɗan ƙara, tayar ta motsa kamar faɗin yatsa. Na san abin da ke ran maigidana, kuma na san yana da hujja.

Tayar ta tsaya. Haladu ya leƙo ta taga ya daka tsawa, har na ƙetaren rafi suka ji.

"Cire hannunka! Daga gefe ake turawa!"

Sada ya janye hannu, ya tura daga gefe, icen ya kama. Da wata 'yar murya ya ce, "Ya ci." Haladu ya yi kamar bai ji ba, sai da ya sa shi ya faɗa sau uku, sannan ya ɗaga ƙafa ya sauko.

Ya tsaya a kansa, ya ware masa hannun nan a fuska. "Kalma huɗu ce, Maigida. Daga gefe ake turawa. Shekara bakwai ina wanke maka mota, ita ka kasa gaya mini."

Muka ɗaura igiya muka ja motar zuwa kan tudu. Haladu ya koma ya tsinci icensa, ya goge lakar da gefen rigarsa, ya mayar ƙarƙashin kujera. Muka wuce Gwaram, kuma har Sada ya bar duniya Haladu bai ce ya yafe ba.