Watan da Yaya Ta Rufe Fuskar Kwamfuta

Yayata mai buga takardu ce. Tun zamanin tafireta take wannan aiki, har kwamfuta ta zo ta same ta a kan kujerar da take. A layinmu ba mai kiranta da sunan yanka, Walƙiya ake ce mata, don in ta ɗora yatsu a kan kibod sai ka rantse ruwa ake yi a kan kwano. Ba ta kallon hannunta. Takardar mai aiki tana jingine a hagunta, idonta yana kai, bakinta kuma yana iya yi maka faɗa a lokaci guda.

Shagon ba namu ba ne, mu ma'aikata ne. Ɗaki ne dogo mai ƙofar gilashi. Teburinta yana gaba kusa da fanka, injin fotokwafi a tsakiya, ni kuma ina ƙurya da gam da almakashi, ina ɗinke wa ɗalibai takardunsu na gama karatu. Ita ta samo mini aikin, kuma har yau ba ta bari na manta ba.

Abin da masu kawo aiki ba su sani ba shi ne Yaya tana da labarin da take son rubutawa, na wata ma'aikaciyar asibiti da ta ajiye aiki ta tafi neman ƙanwarta. Na san babin farko kamar yunwar cikina, don ta fi shekara goma tana kansa. Sana'arta ce ta cuce ta. Wadda ta saba farautar kuskure a rubutun mutane ba ta iya ganin layi ta ƙyale shi. Ta rubuta uku, ta goge biyu, ta yi ta gyaran ɗayan har ya fita hayyacinsa. Matar labarin tana nan tsaye a bakin tasha da jakarta, ba ta shiga mota ba, ba ta koma gida ba.

"Yaya, ki ji tausayin baiwar Allahn nan," nakan ce. "Ko benci ki ba ta ta zauna."

"Kai dai ka ji da gam ɗinka," ita ce amsar kullum.

Auta, 'yarta ta ƙarshe, ita ta saka ta cikin wani zaure na masu son rubutu a waya. Alƙawari suke ɗauka na wata guda: kowace rana shafi ɗaya ko fiye, ba fashi, ba komawa baya don gyara. In ka yi, ka shiga zauren ka ce ka yi. Yaya ta karanta dokar ta taɓe baki, sai kuma ta dubi yatsunta. A lokacin sun fara yi mata tsami da safe, sai ta murza su kafin su saki.

"Zan gwada," ta ce mini. "Amma ka zama shaida. In watan nan ya fita ban wuce tashar nan ba, na bar maganar har abada. Na girmi yaudarar kaina."

Na san ta. In ta ce ta bari, ta bari ke nan.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta kusa da ni wadda mai shago ya daina amfani da ita. Nan ta zaɓa. Takan zo tun kafin a buɗe shago, ta ajiye jaka ta zauna. Ranakun farko hali zanen dutse, ɗan yatsanta na kan madannin gogewa kamar an ɗaura musu aure. Ran nan ta yi tsaki, ta cire mayafinta ta lulluɓe fuskar kwamfutar ruf.

"Abin da ido bai gani ba, hannu ba ya gogewa," ta ce.

Ta juya kai hagu yadda ta saba, inda babu takarda sai bango, ta fara bugawa. Daga ranar haka take yi: ta buɗe labarin, shafin farko ya bayyana, ta yi maza ta rufe, ta danna ya kai ta ƙarshe, ta ci gaba a makance. In ta gama ta danna na adanawa, ta kashe, sannan ta ɗauki mayafinta.

Matar ta shiga mota. Yaya ce ta gaya mini, tana dariya kamar yarinya. Wata rana rubutun ya zo da gudu, wata rana ta fito tana cewa yau shirme ta zuba, amma shirmen ma shafi ne. Ta fara tsayar da fira a tsakiya ta ce, "Dakata, wannan maganar taka zan ba direba." A mako na uku na ga tana bugawa hawaye yana bin kumatunta. Ta kai inda matar ta ga ƙanwarta. A haihuwa, tsakanina da Yaya akwai wata 'yar'uwarmu da ta rasu tana budurwa. Ban tambaya ba, na dai ajiye mata shayi a gefe.

A ƙarshen makon Auta ta zo don ta kwafe labarin a wani wuri, kada tsohuwar kwamfuta ta mutu da shi. Ta gangara ƙarshensa, ta juyo.

"Mama, ina sauran?"

Labarin ya tsaya inda yake tun farkon mako. Na leƙa bayan teburin, na ga wayar kibod a ƙasa. Ranar da mai shago ya kawo wani sabon inji aka tura teburin gefe, ta zare, ba wanda ya lura. Mako guda Yaya tana bugawa cikin iska. Haɗuwar 'yan'uwan nan, da hawayen da aka yi mata, duk aikin baban giwa.

Da wani ya leƙa allon sau ɗaya, da ya gane tun ranar farko. Sai wadda ta yarda da yatsunta fiye da idonta irin wannan zai samu. Na buɗe baki zan faɗa, na ga fuskarta, na haɗiye. Ta ninke mayafin ta sa a jaka.

"Shi ke nan," ta ce. "Allah bai nufa ba."

Washegari na zo da wuri don ina da aikin da za a karɓa. Na same ta a bakin ƙofa tana jirana, don ranar makullin yana hannuna.

"Yaya, na ɗauka kin bari."

"Na bari mana. Na zauna a gida, na sha shayi, na share tsakar gida. Na duba agogo, lokaci bai motsa ba. Ni ban san me nake yi da safiyata a da ba." Ta harare ni. "Buɗe mana, ka tsaya kana kallona. Kuma ka duba wayar nan."

Na durƙusa na cusa ta da kyau. Ta sake rubuta haɗuwar daga farko. Ta ce ta fi ta da gajarta, kuma ba ta san ko ta kai ta kyau ba, tunda ba mai iya gwada su. Wannan karon ba ta yi kuka ba. Ni ne na shige bayan injin fotokwafi ina neman abin da ban ajiye ba.

Wata ya fita labarin bai ƙare ba. A zauren wasu sun gama nasu, wasu sun ɓace tun mako na biyu, aka yi wa juna barka aka watse. Na zuba ido in gani, don yanzu ba wanda za ta je ta ce wa ta yi.

Safiyar da ta biyo baya tana kan kujerar, mayafi a kan kwamfuta. Wani mutum ya ƙwanƙwasa gilashi da takarda a hannu, yana nuna agogonsa. Na buɗe masa. A iya zamana da Yaya ban taɓa ganin ta bar mai aiki a tsaye ba, ko abinci take ci sai ta ture.

"Hajiya, shafi biyu ne kawai, sauri nake."

"Ba a buɗe ba tukuna, Malam. Zauna, ina zuwa."

Ya dubi mayafin, ya dubi bangon da take kallo. "To wannan aikin wa kike bugawa haka, ba takarda?"

Yatsunta suka tsaya kaɗan.

"Nawa ne," ta ce.

Mutumin ya zauna a benci, na miƙa masa jarida, ita kuma ta ci gaba da bugawa.