Shekarar da Na Hana Ɓeraye Dusa

A gidanmu na Malanville ɓeraye suna da kwanonsu. Wani tsohon ƙoƙo ne mai tsagaggen baki, wanda Baba yake zuba wa dusa tafi biyu kullum bayan la'asar, ya ajiye a gindin bangon ɗakin ajiya. Da safe a tarar da shi tas kamar an wanke. Tun ina ƙarami nake ganin haka, kuma tun ina ƙarami abin yake ba ni haushi.

A cikin ɗakin akwai 'yar rufewa, wato ƙaramin rumbun laka, tsayinta iya ƙirjina, tana zaune a kan duwatsu uku yadda mutum zai iya durƙusawa ya leƙa ƙarƙashinta. Abin da ke ciki bai fi tiya goma sha biyu ba, amma a wurin Baba babu abin da ya mallaka da ya kai shi. Irin jar shinkafa ce da ya gada daga mahaifinsa. Ana watsa ta a fadama da ruwan farko, in kogi ya kawo ta riƙa tashi tare da shi, har a je girbinta cikin kwalekwale. Tuwonta ja ne, da wani ƙamshi da ba zan iya kwatanta wa wanda bai ci ba. A lokacin kowa a unguwarmu ya koma farar shinkafar koperatif mai girbi biyu a shekara, Baba kaɗai ya rage. Bayan girbi yakan ware iri, ya gauraya da toka, ya zuba a rufewa, ya liƙe bakin da laka. Ba a sake buɗewa sai ruwa ya sauka, don in iska ta shiga to ƙwari sun shiga.

Ni kuwa na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, a Kandi da takarda da girman kai, na samu aikin cike wa direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, takardu kusa da duwan, ofishin kwastan na bakin iyaka. A shekarar ne yanar ido ta rufe wa Baba gani, sai da lalube yake kaiwa ɗakin ajiya. Ranar da ya yi tuntuɓe ya fasa gwiwa, Inna ta ce aikin dusa ya dawo kaina. Ya miƙo mini ƙoƙon.

Na ce, "Baba, wai har yaushe za mu yi ta ciyar da ɓarayi?"

Ya ce, "Kusa sun riga mu zama gidan ga." Kusa yake ce musu, kamar kowa a wajenmu. "Ka ba su dai. Ni haka na iske ana yi."

Na ce to. Na zagaya bayan ɗaki na juye wa akuyar Inna dusar.

Washegari na sayo tarkon ƙarfe a kasuwa, na ɗana shi da gutsuren busasshen kifi. Safiyar farko ya kama wani ƙato, na ɗaga shi ta wutsiya ina nuna wa Inna kamar na kashe kura. Safiya ta biyu ya kama ƙarami. Ta uku na tarar tarko ya tashi, kifi babu, ɓera babu. Haka ta huɗu, haka ta biyar. Sai wata Juma'a da rana tsaka, gida shiru, na leƙa ta tsagar ƙofa na ga abin da ake yi mini. Wani tsohon ɓera mai yagaggen kunne ya juya wa tarkon baya, yana watsa masa ƙasa da ƙafafu, yana watsawa, har ƙarfen ya buga shi kaɗai. Sannan ya juyo a natse ya ɗauki kifinsa. Ko sauri bai yi ba. Da mutum ne ya yi mini wannan raini da mun kwana a wurin jandarma.

Na koma kasuwa wurin mai maganin ɓera, wanda yake yawo da busassun gawarwaki a igiya don shaida. Na cuɗa maganin da tuwo. Uku suka mutu, daga nan ba wanda ya sake taɓawa. Na canza zuwa ƙuliƙuli, suka shinshina suka wuce. Har tuwon da ban sa wa komai ba, in dai ni na ajiye, sai ya kwana ya bushe a wurin. Wadda ta ci ita ce kazar Inna, ta mutu ta bar 'yan tsaki bakwai, Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Na gwada bokiti da ruwa, na watsa ƙaiƙayi a sama na jingina katako. Biyu suka faɗa. Na uku bai zo ba har yau.

Kowace dabara a farko kawai take ci, su kuwa yunwa ta fito da su fili. Ɓerayen da ba su taɓa wuce ɗakin ajiya ba suka shigo ɗakunan kwana. Suka ci sabulun Inna, suka huda buhun gero, suka gutsure takalmina na zuwa aiki, suka ja takardun wani direba da na zo da su gida. Baba ba ya gani, amma kunnensa garau yake.

Ya tambaye ni, "Kana ba su dusa kuwa?"

Na ce, "Ina ba su, Baba."

Ƙaryar ba ta yi mini nauyi a baki ba. Ina ganin taimakonsa nake yi, in na gama zai gode.

Daga ƙarshe na ce tunda ba za a kashe su ba, a hana su hanya da abinci. Na sayo siminti, na daddaka kwalabe na gauraya, na bi kowane rami na toshe. Na juye gero a durom ɗin ƙarfe, na rataye kifi da kayan miya a waya. Da na zo kan rufewa na durƙusa, sai na ga kashinsu a tsakanin duwatsun nan uku. Na ce ashe nan ce maɓoyarsu. Na kwaɓa laka na cike ƙarƙashin gaba ɗaya, na shafe shi sumul har ƙasa, na ja da baya ina kallon aikina. Rufewa ta zauna daram, ba ko tsagar da allura za ta shiga.

Gida ya yi tsit. Mako ya wuce, wata ya wuce, ba motsi ba ɓarna. Na riƙa ba direbobi labari a bakin duwan, har wasu suna tambayata yadda ake haɗa siminti da kwalba. Inna ma ta sauko ta ce karatu ya yi rana. Baba ne kaɗai bai yi murna ba.

Wata rana ina zuba masa ruwan alwala ya ce, "Shirun ga bai yi min ba. Mi su ka ci?"

Na ce, "Sun gudu, Baba. Na kore su."

"Ina sunka tahi? Maƙwabta sun ce sun gan su?" Sannan ya ce, "Tahi ka leƙa min ƙarƙashin rufewa."

Na je na duba bakin, liƙin yana nan yadda ya yi shi, har shatin yatsunsa. Na dawo na ce lafiya lau. Ban gaya masa cewa yanzu babu ƙarƙashin da za a leƙa ba.

Ruwan farko ya sauka ran Talata. Da safe Baba ya ce a kai shi ɗakin ajiya, shi zai buɗe da hannunsa kamar kowace shekara. Ya yi bisimilla, ya ƙwanƙwasa lakar da ƙotar wuƙa, ya ɗaga murfin. Warin ne ya fara bugun mu. Ya zura hannu. Na san inda hannun yakan tsaya, wajen gwiwar hannu. Ranar ya wuce nan, ya shige har kafaɗa, kumatunsa ya manne da bakin rufewar. Da ya zaro, ƙaiƙayi ne da toka da kashin ɓera. Ya murza su a tafinsa, ya sake zurawa, ya sake zarowa. Sau uku ya yi haka.

Na ɗauko gatari na fasa lakar da na shafe. A gindin rufewa akwai rami kamar dunƙulen hannu, da hanya ta ƙarƙashin daɓe har bayan bango. A cikin kogon akwai sheƙa, an yi ta da takardun direban nan, na gane rubutuna a jiki. A nan na fahimci amfanin duwatsun. Ɓera ba ya zama ya yi kwanaki yana huda laka a inda haske yake shiga, kyanwa take wucewa, mutum yake leƙawa. Ni na hana su dusa, na toshe musu kowace hanya, sannan na gina musu ɗaki mai rufi a ƙarƙashin abincin da ya rage a gidan. Wata biyun da na yi ina cika baki, su suna cikin irin Baba suna ci suna haihuwa.

Inna ta yini tana tankaɗe da shiƙa. Abin da ta tsinto bai cika tafi ba, kusan kowace ƙwaya an gutsure mata kai. Muka shuka a tsohon kwano muna ba shi ruwa, ko ɗaya bai tsiro ba.

Na bar aiki na hau kabu-kabu. Na je Guéné, na ƙetara gada na je Gaya, ina bin tsofaffin manoma ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san ta, kowa ya ci tuwonta yana yaro, ba wanda yake da ita. A Madécali aka kwatanta mini wata tsohuwa. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ayya ɗana, da bara ka zo. Na dahe sauran ran sunan jikana. Wa ka son ta yanzu?" Wataƙila tana nan a wani ƙauye da ban kai ba. Ni dai na nema har ruwa ya cika fadama, ban samu ba.

Baba bai zage ni ba. Na so ya zage ni, na so ya ɗaga sanda, da na samu abin riƙewa. Da na zauna na faɗa masa komai, har akuyar da ta ci dusar, cewa ya yi kawai, "To, ka ji." Damina ta wuce gonarsa ta cika da ciyawa. Inna ta riƙa tuƙa farar shinkafa, yana ci yana hamdala, bai taɓa cewa da daɗi ko babu ba. Har yau in na tuna, kaina nake jin haushi, ba ɓerayen ba. Su sun yi abin da mai hankali zai yi.

Bayan kaka na nemo ƙoƙon a bayan ɗaki, na wanke, na zuba dusa tafi biyu na ajiye a gindin bango, ko da yake babu sauran abin da za a tsare. Da safe na tarar da shi yadda na bar shi. Sawunsu ya kewaye shi, ba wanda ya taɓa. Hannuna suka sani.

Baba ya jiyo motsina daga tabarmarsa, ya ce, "Sun ci?"

Na ce, "Sun ci, Baba."

Ya ce in miƙo masa ƙoƙon. Ya sa yatsu a ciki ya ji shi cike, ya daɗe bai cire su ba. Sannan ya miƙo mini, ya juya fuskarsa wajen bango.