Manjagarar Ministan Kwata

Ana sanar da jama'ar unguwa, masu shago da masu haya, cewa kwatar bayan kasuwa ta toshe. Ta toshe ranar Talata bayan ruwan safe, ta tumbatsa ta bi layin masu katifa, har ta leƙa ofishin kansila ba sallama. Mutane sun tattare wando suna tambayar juna me ya same ta bana. Abin da ya same ta shi ne, ranar Litinin bakwai ga watan Agusta, Allah ya karɓi ran mutumin da ke kwashe mata leda kowace safiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mijin yayata ne, tsohon malamin labarin ƙasa a sakandare. Malam, 'yan kasuwa sun laƙaba maka Ministan Kwata, kuma ban taɓa ganin ka ƙi amsawa ba. Ministan bai dame ka ba. Kwatar ce kake tsayawa ka gyara, ka ce rafi ne, su kuma su sheƙe da dariya su ci gaba da watsa masa ruwan wankin kifi.

Ina ɗalibi ka auri Yaya, kuma tukwicin da na samu na zama ƙanin amarya shi ne ka ja ni yawon rafin tun daga tushensa, a ƙasa, da takalmin salla da ɗan'uwana ya ara mini. Ka nuna mini bayan gidan mai na kan tudu, inda ruwa ke tsatsowa ƙarƙashin tarin tsofaffin tayoyi, ka ce nan ne idon ruwan. Daga nan ya gangaro ta gindin katangar asibiti, ya ratsa filin ƙwallon makaranta, ya kewaye kasuwa, ya je ya faɗa babban kogi a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Ka ce saboda shi mutanen farko suka sauke kaya a nan. Masu jimar fata suka zauna can ƙasa don kada su ɓata wa kowa ruwa, masu wanki a tsakiya, masu lambu a sama. Ka tambaye ni ko na san abin da ya sa titin kasuwa ya lanƙwashe kamar lauje. Na ce ko mai awon ne ya sha wani abu. Ka ce a'a, titin rafin ya bi, don a zamanin da aka yi shi mutane suna da kunyar ruwa.

Waɗanda suka biyo baya ba su gaji wannan kunyar ba. Hukumar tsara birni ta duba taswira ta ga layi a karkace, abin ya tsaya mata a rai, ta aiko a miƙar da shi. Aka haƙa masa sabuwar hanya santal, aka zuba kankare, aka rufe, aka jera shaguna a kai. Suka kuma sa wa wurin suna Layin Bakin Rafi, don kada a ce ba su san tarihi ba. Shi kuwa rafin ba a kai masa takardar sauyin wuri ba. Duk damina sai ya koma tsohuwar hanyarsa, wadda ta bi ta tsakiyar shagunan masu katifa. Cikin duk sana'o'in duniya, katifa aka zaɓa aka ajiye a kan hanyar ruwa. Kowace shekara su shanya soso a rana, su ce ikon Allah, a kafa kwamiti, kwamiti ya sha lemo ya watse.

Kai ne ka ƙi watsewa. Kafin ruwan farko kakan bi gidajen kwari ɗaya bayan ɗaya kana cewa a ɗaga buhu a ɗora kan benci. Shekarar da ruwa ya shiga ɗakin tsohuwar nan mai ɗinki, kai ka ɗauko kekenta a ka, da furfurarka, samarin layin suna tsaye a barandar mai shayi suna ba ka shawarar inda za ka taka. Ayabar da ka shuka a bakin ruwan kuwa, duk wanda ya zo gaishe ka sai ka yanko masa. Muna karɓa da hannu biyu mu yi godiya. Yau da ba ka nan zan iya gaya maka cewa akuyar maƙwabcina ce ta san ɗanɗanonta.

Abin da ya rage na rafin a buɗe, inda rana ke ganinsa, shi ne ɗan guntun da ya ratsa bayan gidanka, daga gindin lemo zuwa katanga. A bakin katangar akwai ragar ƙarfe, inda ruwan ke shigewa ƙarƙashin kasuwa. Nan kake tsayawa kullum da gari ya waye, da dogayen takalman roba da manjagara, kana tsamo ledar mutanen da ke kiran ka mahaukaci. Ɗan kwangilar da ya gina shagunan ya daɗe yana son bayan gidan nan, ya rufe shi ya haɗe layinsa. Ya zo da kansa, ya aiko dattawa, ya aiko ni. Ka ce mini, "Kai da ka karanta littattafai, har da kai?" Na ce littattafan ba su ce a zauna da sauro ba.

Kowa ya san kai kaɗai ne katangar, domin Yaya ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba. Ta sha wari, ta sha sauro, ta sha kwashe tukwane daga kicin in ruwa ya yi yawa. A gabana ta sha gaya maka, "Ranar da ka rufe ido, ni da kaina zan kira mai siminti." Kai kuma ka ce, "To Allah ya ba ni tsawon rai." Ni na yarda da ita. Na ma faɗa a majalisarmu cewa rafin da Malam rana ɗaya za a binne su.

Da ka ga zaman makokinka, da ka nemi manjagararka. Masu katifa sun zo a jere suna cewa unguwa ta yi rashin uba, alhali rabin ledar da ta ƙarar maka da ƙugu daga shagunansu take fitowa. Kansila ya miƙe ya yi jawabi, ya ce ba za a bar sunanka ya ɓace ba, in an kammala sabbin shagunan bayan gidan za a sa musu sunanka. Wato a rufe abin da ka ƙare rayuwarka kana hana a rufe, sannan a rubuta sunanka a kan murfin. Aka ce madalla. Ɗan kwangila yana gefen tabarma yana jan carbi, idonsa na kan katanga yana awo. Sau biyu yana neman a nuna masa banɗaki, sau biyun kuma ana tsinto shi a gindin lemo. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce in taya shi yi wa Hajiya magana, in hankali ya kwanta.

Ban jira hankali ya kwanta ba, na shiga ranar Laraba da safe. Ban sami Yaya a ɗaki ba. Tana bakin raga, ta zura ƙafa cikin takalmanka da suka yi mata yawa, tana jan leda da manjagara tana tsaki.

Na ce, "Yaya, me kike yi haka?"

Ta ce, "Idonka ciwo yake? Jiya da ba a kwashe ba, ba ka ga abin da ya faru ba?"

Na isar da saƙon ɗan kwangila. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ka ce masa ba na sayarwa ba ne."

"Ba ke ce kike cewa za ki kira mai siminti ba?"

"Da kai nake? Da mijina nake. In ban ce haka ba, me za mu yi faɗa a kai?" Ta miƙo mini bokiti. "Riƙe nan, Malam mai littattafai, ka yi wani amfani yau."

Na riƙe. Yana da nauyi, yana kuma da wari fiye da yadda kake faɗa.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa wahalar da ka sha don mutanen da ba su gode ba ta zama nauyi a mizaninka. Ya saukar da kai inda ƙoramu ke gudana ba mai jefa musu leda. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, da 'ya'yanka, da ɗalibanka da ke warwatse a duniya, da tsohuwa mai ɗinki da ta kasa tasowa ta aiko a ce ta yafe maka, ko da yake ba ta san abin da ka yi mata ba sai alheri. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Na ce rana ɗaya za a binne ku. Ban faɗi daidai ba. Yau da safe na wuce, ruwan na tafiya.