Watannin da Hannuna Ya Ƙi Ƙulla Zare

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta da watannin da hannuna ya ƙi ƙulla zare ba, da dattijon da ya tsaya mini a lokacin. A farkon shekarun tamanin ne, ina aiki a wata masaƙa a Bompai, ina tsaron injin saƙa huɗu. Aikin na ido ne da yatsu. Zare ya tsinke, inji ya tsaya, ka lalubo bakin zaren ka ƙulla, ka tayar.

Kafin nan na yi ciwon da mutane ba sa son ambaton sunansa. Bayan rasuwar mahaifina kaina ya taɓu, har nakan ji ana yi mini magana alhali babu kowa. Yayana ya kai ni asibiti, likita ya ɗora ni a kan wasu ƙwayoyi, safe da rana da yamma. Allah ya ba ni sauƙi, na koma aiki. Sai dai azumi biyu suka wuce ni ban yi ba saboda maganin, abin yana damuna. Da na uku ya kama, na ce ai na warke. Na ƙulle sauran ƙwayoyin a tsumma na jefa ƙasan akwati, na ɗauki azumi, ban tambayi kowa ba. A bayan katina na asibiti an rubuta cewa kada a daina sai da izinin likita. Sai bayan shekaru, da na shiga ajin yaƙi da jahilci, na karanta wannan layin da idona.

Ban cika mako ba jikina ya rikice. Amai, gumi, barci ya ƙaurace. Hannuwana suna karkarwa, harshena yana motsi a baki ba da sona ba. Abin da ya fi komai muni shi ne ƙafafuna. Ba na iya tsayawa wuri ɗaya, kamar an zuba mini tururuwa a cikin ƙashi. In na kama zare biyu, sai su yi ta wuce juna. Injina suka riƙa tsayawa, yadi yana fita da rami. A masallacin kamfani na lura ana barin fili tsakanina da na kusa da ni a sahu. Helma, wato shugaban layinmu, ya kira ni gefe ya ce, "Malam, in abin nan ne ya dawo, ka faɗa mini. Mako guda na ba ka, daga nan sai wajen manaja." Na san in aka sallame ni ƙauye za a mayar da ni, kuma na san yadda ake tsare irina a ƙauye.

Injina huɗu na kusa da nawa wani dattijo ne yake tsaronsu, mutumin Damagaram, siriri, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Baba muke ce masa. Tsakaninmu akwai wasan Kanawa da Damagarawa, kullum sai ya tsokane ni. Ran nan da aka busa jiniyar hutu, ya same ni ina kai da komowa a bayan sito.

"Kai Bakano, yau wace rana?"

Na ce, "Talata, Baba."

"Azumi nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Su wa suka fi jarumta, mu ko ku?"

Na ce, "Baba, ku da kuka zo cin tuwonmu?"

Ya yi dariya har tabarau ya zame. Ya ce, "Hankalinka ƙalau, rashin kunyarka ma tana nan. Jikinka ne ke da magana. Me ka yi masa?"

Na gaya masa komai. Bai yi mini faɗa ba. Washegari ya nemi izini, ya goya ni a kekensa har asibiti, ina ta mutsu-mutsu a baya yana cewa, "Zauna mana, kada ka kayar da tsoho." Likita kuwa ya yi faɗan da Baba bai yi ba. Ya ce jiki ya saba da maganin, ba a yanke shi lokaci guda, da na zo ma da ya gyara mini lokutan sha saboda azumi. Ya mayar da ni kan kaɗan, ya ce za a riƙa ragewa sannu a hankali, in kuma muryoyin suka dawo in zo nan take. Amma ya gaya mini gaskiya: karkarwa da rashin zama za su iya daɗewa ko bayan an gama.

Da muka koma, Baba ya tafi wajen helma ya ce a haɗa injinansa da nawa su zama takwas. "Wannan ƙafarsa ba ta zama, ni kuma tawa ba ta son tafiya. Shi ya zagaya ya gano inda zare ya tsinke, ya kawo kwarkwaron zare, ni in ƙulla. In yadi ya ɓaci, ni za ka kama." Helma ya ce a gwada.

Haka muka yi. Ni ina zagaye layi kamar mai sintiri, in ɗaga hannu, Baba ya taho ya ƙulla. Tafiyar da ta zame mini azaba ita ta zama aikina. A lokacin ban gane nauyin da ya ɗauka ba. Yanzu da na kai kusan shekarunsa, idona ya fara gajiya, na san me ake nufi da mutum ɗaya ya ƙulla zaren inji takwas tun safe har la'asar. Nakan gan shi yana murza yatsunsa a jikin riga. In na ce sannu, sai ya ce, "Kula da layinka, Bakano."

Kullum da hutu yakan miƙo mini guntun zare biyu ya ce, "Ɗaya tak." In na kasa, sai ya karɓa ya sa a aljihu, ya ce gobe. Bai taɓa cewa in daure ba, bai taɓa tambayata yaushe zan warke ba. Amai ya fara tafiya, barci ya dawo kaɗan-kaɗan. Likita ya gama rage maganin bayan babbar salla da watanni, muryoyin ba su dawo ba, amma hannun ya ƙi. Wata rana in ƙulla, kwana uku in kasa. Akwai ranar da na jefar da zaren na ce na gaji. Ya duƙa ya ɗauka, ya busa masa ƙura, ya ce, "Zaren kamfani ne, ba na babanka ba."

Wata Alhamis, ana kusa da azahar, Baba ya ce zai je alwala. Yana fita inji biyu suka tsaya. Na jira, bai dawo ba. Na uku ya tsaya. Ga helma can yana tahowa daga ƙarshen layi. Na ce bismillahi, na kama zaren. Hannun yana rawa, amma ƙullin ya zauna. Na tayar, na wuce na biyu, na wuce na uku. Ina ɗagowa sai na hango tabarau a bayan dilolin auduga. Ashe ko butar bai taɓa ba.

Ya fito yana ce wa helma, "Ka mayar masa da injinansa, na gaji da yi wa Kanawa bauta." Helma ya duba ƙullin, ya gyaɗa kai, ya wuce. Ni kuwa sai hawaye.

Karkarwar ba ta ƙare ranar ba, ta ɗauki kusan wata shekarar tana raguwa kafin ta bar ni. Baba ya koma garinsu daga baya, labarin rasuwarsa kawai ya iso mu. Allah ya jiƙansa.

Na koyi cewa maganin da likita ya ɗora ka a kai, da shi za ka yi shawarar sauka, komai kyan niyyarka. Na kuma koyi cewa mai jinya ba gaggawa yake buƙata ba. Yana buƙatar wanda zai duba abin da ya rage masa na ƙarfi, ya ba shi aikin da ya dace da shi, ya riƙe masa sauran har ya dawo, sannan ya san ranar da zai sakar masa.